Tsibiran Galapagos: a zaɓi hanya kafin a zaɓi ɗaki

Da hantsi, idan jirgin sama ya sauka a tsibirin Baltra, abin da ke fara tarbar baƙo shi ne jan dutse, da ƙaya, da busasshiyar iska. Babu inuwa, babu alamar ruwan sha, sai teku ta kowace kusurwa. Fasinjoji su sauko, a duba kayansu, kowa ya biya kuɗin shiga, sa'an nan su tarar da ja-gorori tsaye a bakin ƙofa, kowane riƙe da allo mai ɗauke da sunan jirgin ruwansa. A nan ne ayari ke watsewa. Mutum biyu da suka zauna kusa da juna tun daga birnin Guayaquil, suka kuma biya kuɗi kusan ɗaya, kowa ya bi nasa allon. Bayan kwana 8 su sake haɗuwa a wannan fili. Ɗaya ya ga tsuntsun da ya daina tashi, ya ga tsibirin da har yanzu ke aman wuta. Ɗayan kuwa ya sha kwana cikin ɗaki mai sanyi, amman abin da ya ratsa duniya domin ya gani, jirginsa bai ko bi ta kusa da shi ba. Ba sa'a ce ta raba su ba. Tun ranar da suka biya kafin alƙalami aka yanke wa kowa rabonsa.

Inda tsibiran suke

Galapagos yanki ne na ƙasar Ekwador, a Amurka ta Kudu. Suna cikin tekun Fasifik, kimanin kilometir 1.000 daga gaɓa, wato nisan ya ɗara na Yamai zuwa Damagaram, kuma duka ruwa ne. Manyan tsibirai 13 ne, da ƙanana da duwatsu fiye da 100, dukkansu aman wuta ne ya fiddo su daga ƙarƙashin teku. Layin da ya raba duniya biyu ya ratsa arewacin Isabela, wanda shi ne babbansu.

A shekarar 1535 ne wani limamin kirista mai suna Tomas de Berlanga ya faɗo musu ba da niyya ba, lokacin da iska ta ɗauke, ruwa ya janye jirginsa a kan hanyarsa daga Panama zuwa Peru. Bayansa ƴan fashin teku da masu farautar manyan dabbobin ruwa suka mai da wurin zango. Sun gano cewa manyan kunkuran tsibiran kan yi watanni ba ci ba sha, sai suka riƙa loda su cikin jirage da rai a matsayin guzuri, har an ƙiyasta sun kwashe fiye da 100.000. Ekwador ta mallaki tsibiran a 1832. Shekara 3 bayan haka, a 1835, masanin Ingila Charles Darwin ya yi mako 5 a nan cikin jirgin Beagle, kuma abin da ya lura da shi game da bambancin halittu daga tsibiri zuwa tsibiri na cikin tushen littafin da ya fitar a 1859.

A 1959 gwamnati ta mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun da doka ta kare. UNESCO ta sa su cikin rukunin farko na kayan gadon duniya a 1978, aka kuma kafa wa ruwan da ke kewaye da su tasa kariyar a 1998. Mutane kusan 30.000 ne ke zaune a ɗan abin da ya saura, a Santa Cruz, San Cristobal, Isabela da Floreana. Baƙi kuwa, a shekarar 2023 kaɗai sun kai kusan 330.000.

Doka ce ke tuƙa jirgi

Abin da mai niyyar zuwa ya kamata ya fara sani shi ne, a Galapagos ba direban jirgi ke zaɓar inda za shi ba, ba kuma fasinja ba, komi kuɗinsa. Hukumar gandun ce ke ba kowane jirgi takardar hanyarsa: rana kaza da safe yana wuri kaza, da marece yana wuri kaza. Tun 2012 aka tsara wannan zagaye a kan kwana 15, kuma a cikinsu jirgi ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu, in ban da ƴan wurare kamar tashoshi. An yi haka ne domin kada a taru a kan ƴan gaɓoɓi kaɗan a tattake su. Babu jirgin da ke ɗaukar fasinja fiye da 100. Babu mai taka gandun ba tare da ja-gora mai lasisi ba, kuma ja-gora ɗaya ba ya jan mutum fiye da 16. Ba a sauka kafin fitowar rana, ba a kwana a tudu, ba a fita daga turbar da aka shata, ba a kusantar dabba ƙasa da metir 2, ko da ita ce ta zo ta tsaya a gaban mutum.

Da yake ƙalilan ne ke iya sayen kwana 15 gaba ɗaya, sai kamfanoni suka riƙa yanka zagayen gunduwa-gunduwa suna sayarwa: kwana 4, kwana 5, kwana 8. Jirgi ɗaya kan yi yamma a wannan mako, ya yi kudu da gabas a mako mai zuwa. Saboda haka wanda ya ce wa dillali a nema masa wuri a jirgi kaza, don wani abokinsa ya yaba shi, bai gama magana ba. Sai ya faɗi wane mako, ya kuma ga sunayen wuraren rubuce a takarda. In ba haka ba, ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma wani lissafi da ɗan kasuwa zai gane nan take. Ranar farko ana ƙirga ta cikin kwanakin, alhali rabinta ya tafi a filin jirgin sama. Ranar ƙarshe kuma da hantsi ake sauke mutum. Tafiyar kwana 4, in an tace ta, yini 2 ne cikakku. Ta kwana 8 ita ce ke ba da yini 6. Bugu da ƙari, wasu jirage kan haɗa gajerun tafiye-tafiye biyu su kira su ɗaya, sai a tsakiyar mako a koma tasha sauke wasu da ɗaukar wasu, wanda ya biya kwana 8 ya yi asarar rabin yini yana jiran baƙin da ba nasa ba.

Kowace kusurwa da abinta

Dalilin da ya sa hanya ta fi komi shi ne, dabbobin Galapagos ba a barbaje suke ko'ina ba. Wasu ana samun su a kusan kowace gaɓa: zakin teku, wanda ke kwanciya har a kan bencin tasha, jajayen ƙaguwa, da ƙadangaren ruwa, baƙi mai kama da damo, wanda shi kaɗai ne cikin danginsa a duniya ke nutsewa cikin teku yana kiwon gansakuka. Amman waɗanda suka fi jawo mutane, kowane da unguwarsa.

Hanyar yamma ita ce ta Isabela da Fernandina. A nan wani ruwa mai sanyi da ke tafiya a ƙarƙashin teku daga yamma yake karo da gindin tsibiran ya taso sama, ɗauke da abincin kifi. Shi ya sa a nan ne mafi yawan tsuntsayen fengwin na Galapagos suke, abin mamaki, a kan layin tsakiyar duniya. A nan ne kawai, duk faɗin duniya, ake samun kormoran mara tashi, tsuntsun da fukafukansa suka ƙanƙance don ba shi da abin gudu a tudu, abincinsa kuma na ƙarƙashin ruwa. Fernandina shi ne autan manyan tsibiran, dutsensa ya yi aman wuta a 2024, kuma wuri ɗaya tak aka yarda a sauka a cikinsa, Punta Espinoza, inda ƙadangarun ruwa ke kwanciya bisa juna har mutum ya rasa gane su da baƙin dutse. A gaɓar Urbina ta Isabela, ƙasan teku ta yunƙuro sama da metir da yawa a 1954, har yau matafiyi na tafiya da ƙafa a tsakanin busassun duwatsun murjani.

Hanyar kudu da gabas ita ce ta tsofaffin tsibirai. Española na da babban tsuntsun nan albatros, mai faɗin fukafuki fiye da metir 2, wanda kusan dukkan irinsa a nan suke ƙyanƙyasa. Wannan tsibiri kuma shaida ne na abin da haƙuri ke iya yi: kunkuransa sun ragu har saura 15, aka tattara su aka yi ta renon ƴaƴansu a Santa Cruz shekara da shekaru, yanzu sun haura 2.000, kuma a 2020 aka mai da tsofaffin gida. A Floreana akwai wata ganga ta katako da matuƙan jirage na da suka mai da gidan waya. Har gobe baƙi na ajiye wasiƙa ba kan sarki, wani baƙon da ya fito daga garin da aka rubuta ya ɗauka ya kai da hannunsa.

Hanyar arewa tana kai wa Genovesa, tsibirin tsuntsaye, inda jirgi ke shiga cikin bakin wani tsohon dutsen wuta da teku ya cinye gefensa, ya sa anga a ciki. Nan ne matattarar tsuntsun nan mai jan ƙafa. Zuwa can sai an kwana ana tafiya, dawowa ma haka. Can gaba kuma akwai Darwin da Wolf, waɗanda ba a sauka a kansu ko kaɗan. Jiragen masu nutso da tulun iska ne kawai ke zuwa, domin ganin garken manyan kifayen shak, kuma ba a ɗaukar ɗan koyo.

Tsakiya ita ce Santa Cruz da maƙwabtanta: Seymour ta Arewa, inda tsuntsu mai shuɗin ƙafa ke rawar neman aure yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, namijin firgat kuma ya hura jan maƙoshinsa kamar salka; da Bartolome mai tsinin dutsen da ake gani a kowane hoto; da tudun Santa Cruz, inda kunkuru masu nauyin fiye da kilo 200 ke kiwo cikin gonakin mutane. Waɗannan duka ana iya zuwansu a dawo a yini ɗaya daga otel. Fernandina da Genovesa kuwa, sai da jirgin kwana. Don haka jirgin da hanyarsa ta tsaya a tsakiya kawai, yana sayar wa mutum da tsada abin da zai iya samu da rahusa.

Wata ma sai an zaɓa

Galapagos na da yanayi biyu. Daga Disamba zuwa Mayu zafi ne, da ruwan sama na ɗan lokaci, tsibirai su yi kore, teku ya kwanta, ruwansa ya yi ɗumi kusan digiri 25. Daga Yuni zuwa Nuwamba ruwan Humboldt mai sanyi ke tasowa daga kudu, sama ta yi hazo da yayyafin da mutanen wurin ke kira garuwa, teku ya riƙa tashi, musamman a Agusta da Satumba, ruwan yamma kuma ya kan sauka ƙasa da digiri 20. Sai dai wannan sanyin shi ke kawo abinci: lokacin ne kifi ke yawa, tsuntsayen teku ke ciyar da ƴaƴa, zakokin teku ke haihuwa.

Babu watan da ya haɗa komi. Albatros na barin Española a ƙarshen Disamba, ba ya dawowa sai wajen Afrilu. Wanda ya je dominsa a Fabrairu, fili zai tarar. Wanda kuma bai taɓa kwana bisa ruwa ba, kamar yadda yake ga akasarin mutanen da suka tashi nesa da teku, kada ya fara gwada cikinsa a Satumba cikin ƙaramin jirgi a hanyar Genovesa. Jiragen nan da dare suke yin doguwar tafiya, kuma jiri da amai na iya mai da makon da aka tara wa kuɗi shekaru ya koma makon jinya.

Babba ko ƙarami

Sai an gama da hanya da wata ne ake zuwa ga jirgin kansa. Mafi yawansu masu ɗaukar mutum 16 ne, wato rukuni ɗaya, ja-gora ɗaya. Amfaninsu shi ne sauri: cikin ƴan mintoci kowa ya shiga kwalekwalen roba mai inji, an isa gaɓa, kuma babu wani taro a wurin. Aibinsu shi ne ruwa na wasa da su, ɗakuna ƙanana ne, kuma idan ja-goran bai iya aikinsa ba, babu wani da za a koma wa. Manya, masu ɗaukar 40 zuwa 100, sun fi natsuwa a kan ruwa, suna da ja-gorori da yawa, galibi har da likita, kuma sukan raba mutane: masu ƙarfin hawan dutse daban, dattawa daban. Amman sauka da hawa na cin lokaci, ana jiran layi. Tsakaninsu akwai jirgi mai ciki biyu, katamaran, wanda bai cika tangaɗi ba. A kowane iri, ɗakin ƙasa na tsakiyar jirgi ya fi na sama kwanciyar hankali ga mai jiri, kuma sau da yawa shi ya fi araha, ko da yake ƙarar inji ta fi kusa da shi.

Ja-gora shi ne rabin tafiya. Shi ne zai nuna wa baƙo mujiyar da ta saje da dutse, ya bayyana masa dalilin da ya sa ƙoƙon bayan kunkurun busasshen tsibiri ya ɗage ta gaba kamar sirdi, na tsibiri mai ciyawa kuwa ya kife kamar akushi. Yawancinsu da Sifaniyanci da Ingilishi suke aiki. Masu jin Faransanci akwai su, amman ba su da yawa, kuma ba a kowane tashi ake sa su ba. Wanda Faransanci ne harshen aikinsa ya nemi a rubuta masa wannan sharaɗi cikin yarjejeniya, don alkawarin baki ba ya ƙetare teku.

Maganar kuɗi

Ekwador da dalar Amurka take ciniki tun shekarar 2000, kuma mai karatu ya san wannan ba dalar sefa ba ce. Tafiyar kwana 8 dubban daloli ce ga mutum ɗaya, ko a jirgi mafi sauƙi, na alfarma kuwa sukan ninka haka sau biyu ko uku. Farashin da ake tallatawa kuma ba shi ne ƙarshe ba. Kuɗin shiga gandun, wanda ya daɗe a dala 100, ya koma dala 200 ga baƙo babba tun watan Agusta na 2024, abin da ya haura jika 100 na sefa. Akwai dala 20 na katin shiga tsibiran, da tikitin jirgin sama daga Quito ko Guayaquil, tafiyar kimanin awa 2 daga na biyun, da tukuicin ma'aikata da ja-gora a ranar ƙarshe, wanda al'ada ta mai da shi kamar wajibi. Wasu jirage har rigar shiga ruwan sanyi haya suke ba da ita. Dukkan wannan sai an tara shi kafin a gwada farashin jirgi da na wani.

Ana samun rangwame mai yawa ga wanda ya isa Puerto Ayora ya jira gurbin da ba a sayar ba. Wannan dabara ta mai lokaci ce. Ma'aikacin da hutunsa ƙidayayye ne, ko ɗan kasuwar da ya bar shago a hannun yara, abin da ya saura zai samu, ba abin da ya zo nema ba. Araha dai ba ta ado, amman tsada ma ba hujja ba ce: jirgin alfarma da na talaka a gaɓa ɗaya suke sauka, turba ɗaya suke bi, kuma kunkuru bai san wanda ya fi biya ba.

Wanda kuɗinsa bai kai na jirgin kwana ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Yau mafi yawan baƙi a otel suke sauka, suna ratsawa tsakanin Santa Cruz, San Cristobal da Isabela cikin ƙananan jirage masu gudu, tafiyar wajen awa 2. Zai ga abubuwa da yawa, kuɗinsa kuma zai fi zama hannun mutanen gari. Abin da zai rasa shi ne tsibirai masu nisa, da wayewar gari a gaɓar da babu kowa.

Abin da baƙo ke shigowa da shi

Akwai wani ɓangare na zaɓin da ya wuce aljihun matafiyi. Babban abokin gaban Galapagos shi ne abin da ɗan Adam ke kawowa, da sani ko ba da sani ba. Awakin da matuƙan jirage da mazauna suka saki sun cinye ciyawar kunkuru har sai da aka yi gangami daga 1997 zuwa 2006, aka kashe fiye da 140.000. Ɓeraye na cin ƙwai, wani ƙuda baƙo na kashe ƴan tsakin tsuntsaye a cikin sheƙa. A Janairun 2001 jirgin dakon mai Jessica ya kafe a bakin San Cristobal, mai ya malala cikin teku. Daga 2007 zuwa 2010 UNESCO ta sa tsibiran cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. A watan Yunin 2012 kunkurun nan da ake kira George, na ƙarshe a zuriyar tsibirin Pinta, ya mutu bai bar baya ba.

Wannan ne dalilin binciken jakunkuna tun daga filin jirgin sama, da hana shiga da iri ko ɗanyen ɗan itace, da wanke takalma duk lokacin da aka dawo daga tudu. Jirgin da ke sakaci da waɗannan, ko ja-goran da ke barin baƙo ya taɓa dabba don ya samu tukuici mai tsoka, bai cancanci kuɗin kowa ba, komi kyan ɗakinsa.

Saboda haka, kafin mutum ya zare ko tamma, sai ya sa dillali ya amsa masa a rubuce: waɗanne wurare ne, rana bayan rana, a wane wata, yini nawa ne cikakku, mutum nawa ne a jirgin, da wane harshe ja-gora zai yi magana, mene ne kuma ba ya cikin farashi. In amsoshin sun dace da abin da ya sa shi niyyar tafiya, sai a zo ga maganar gado da taga. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne, kuma Galapagos ba wurin da akasarin mutane ke zuwa sau biyu ba ne.